Azara da Ginin Ƙasa a Birnin Katsina

Tun kafin kwano da katako su shigo kasuwa, rufin soro a Katsina ya dogara ne kan azara, wato tsagin gangar giginya da ake jerawa a kan bango kafin a ɗora ƙasa. Magina sun fi daraja giginya namiji wadda ta tsufa, domin ɓangarenta na waje baƙi ne, mai tauri, wanda gara ba ta iya ci, alhali cikinta laushi ne da shi, kuma zubar da shi ake yi. Bayan an tsaga, sai a bar azarar ta bushe sarai, saboda ɗanya takan lanƙwashe ƙarƙashin nauyin rufi, ta jawo yoyo da damina. Duhun launi, nauyi a hannu da ƙarar da take bayarwa idan an ƙwanƙwasa ta, su ne ma'aunin gwani. Da wannan ilimi aka yi rufin ɗakunan Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina, da na Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, kuma abin takaici ne yadda masu wannan sani suke ƙaranci a birnin yau.