Gandun Knepp: Daga Garma Zuwa Saura

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Jamus ta tsare hanyoyin shigo da abinci ta teku, gwamnatin Birtaniya ta sa aka nome makiyayu, har da na gandun Knepp mai eka 3,500 a kudancin Ingila. An ci gaba da noma gandun bayan yaƙin, amma ƙasarsa laka ce mai nauyi wadda nomanta ya jawo bashi, saboda haka a 2000 mai gandun, Charles Burrell, ya sayar da shanun madara da injuna, ya bar gonakin suka koma saura, wato ƙasar da aka daina nomawa. Tsuntsaye sun dawo, amma manoma suna ƙorafi kan daina noman, suna cewa Birtaniya kusan kashi 60 cikin ɗari na abincinta kawai take nomawa, hujjar da ta fi ƙarfi a kan ƙasa mai albarka fiye da lakar Knepp.