Labarin Makarantar Sana'a ta Hope Waddell a Kalaba

Ya kamata mu tuna da waɗanda suka riga mu shiga gonar Allah. Saboda haka za mu ba ku labarin wata makaranta da ke Kalaba, can kudu maso gabashin Nijeriya, kusa da iyakar Kamaru. Ba ta Mishan namu ba ce, amma akwai abin koyi a cikinta dominmu.

Bishara ta iso Kalaba a shekara ta 1846 ta hannun Hope Waddell, wanda ya yi aikin Ubangiji a tsibirin Jamaika tukuna. Cikin abokan tafiyarsa akwai baƙar fata masu bi daga Jamaika, akwai kafinta, akwai kuma mai buga littattafai. Ashe tun ran fari Maganar Allah da aikin hannu jirgi ɗaya suka shigo.

A 1876 Mary Slessor ta zo daga Sikotlan. Ita kuwa tun tana yarinya a masaƙa ta ke aiki, ta san darajar sana'a. Ta ga yaro ya kan koyi karatu, amma ba shi da abin da zai ci da kansa. Sai ta yi ta roƙon shugabannin Mishan su kafa makarantar sana'a. Suka aiko Likita Robert Laws, mai aiki a ƙasar da a ke kira Malawi yanzu, ya duba, ya ce abin zai yiwu. Aka ƙera gidan makaranta na kwano da katako a birnin Glasgow, aka kawo shi gunduwa-gunduwa cikin jirgin ruwa, aka harhaɗa. A 1895 aka buɗe. A shekarar nan kuma Hope Waddell ya huta, makaranta ta ci sunansa.

A wancan zamani, banda karatu da lissafi da Littafi Mai Tsarki, samari suna koyon aikin kafinta, da gini, da ƙira, da ɗinki, da gasa burodi, da aikin lambu, da buga littattafai, da gyaran injin jirgin ruwa. 'Yan mata kuwa suna koyon ɗinki da tattalin gida. Wanda ya fita daga can ba ya rasa aiki, gama gwamnati da kamfanoni da Mishan duka suna neman masu sana'a.

Da labarinta ya bazu, sai yara suka yi ta zuwa daga nesa. Ga 'ya'yan Efik masu gari, ga Ibibiyo, ga Ibo. Waɗansu suka zo daga Kamaru, da Dahome, da Gana, da Saliyo, da Laberiya, har da tsibirin Fernando Po. Kowa da harshensa, kowa da irin abincinsa da al'adar gidansu. Amma wanda ke riƙe da katako dole ya amince da mai riƙe da zarto, ko daga ina ya fito. Suna sujada tare, suna aiki tare, suna wasa tare. A 1904 'yan makarantar suka kara da ma'aikatan wani jirgin yaƙi na Ingila a wasan ƙwallon ƙafa, suka ci su 3 da 2.

Cikin waɗanda suka yi karatu a can akwai Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru a 1904, ya tashi yana jin Hausa, ya zama Shugaban Nijeriya a 1963. Akwai kuma Akanu Ibiam. Shi ya tafi Sikotlan ya koyo aikin likita, ya komo ya yi wa Mishan aiki a ƙauye, daga baya ya shugabanci makarantar da ta rene shi, a 1960 kuma ya zama Gwamnan Jihar Gabas. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kawo wahala ƙwarai, bayansa gwamnati ta karɓi makarantun Mishan. Duk da haka makarantar tana nan a Kalaba har wa yau.

To, ina abin koyi? Mun sani da yawa a cikinmu, ran da suka karɓi Yesu, ran nan suka rasa gonar gado da taimakon dangi. Mai bi wanda ba shi da sana'a, yunwa ta kan zama masa gwaji mai tsanani, maƙwabta kuma su ce abin hannun Bature ya bi. Amma wanda ya iya ƙera garma ko ɗinka riga, mutane da kansu za su zo ƙofarsa, su ga gaskiyarsa, su ji shaidarsa. Ubangijinmu kansa masassaƙi ne a Nazarat, Manzo Bulus kuwa da ɗinkin tanti ya ciyad da kansa.

Saboda haka, iyaye, kada ku ce sai aikin ofis ne ya dace da ɗan da ya yi karatu. Ku sa 'ya'yanku, maza da mata, su koyi sana'a. Kada kuma ku hana su zama da 'ya'yan wata kabila, gama Ikilisiya ba ta kabila ɗaya ba ce. Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.