Igwa

Igwa babbar bindiga ce da ake ɗura wa albarushi da dunƙulen dutse ko ƙarfe, a harba daga nesa don rushe ganuwa ko tarwatsa runduna. A Hausar rediyo ta yau kalmar ta haɗa har da manyan bindigogin atilare na sojojin zamani, waɗanda ba albarushin gargajiya suke ci ba.

Asalinta ƙasar Sin ce, inda aka fara haɗa albarushi. An tono wata ƙaramar igwar tagulla mai ɗauke da shekarar 1298. A 1453 Sarkin Daular Usmaniyya Muhammadu na Biyu ya yi ta ruwan duwatsu da manyan igogi a kan ganuwar Kustantiniyya har birnin ya faɗi.

A ƙasar Hausa, Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya yi fice da ita. Maƙeransa a Zinder suna narka tagulla su zuba igogi, albarushin ma a gida ake haɗa shi. Igogin ba su cika saiti ba, amma ƙararsu kaɗai takan firgita dawakin abokan gaba. Igogin Turawan Ingila kuwa, a Fabrairun 1903, su suka fasa ƙofar ganuwar Kano.