Morgan ta jiya ko ta yau: inda bambancin yake ɓoye

A garin Malvern, gindin wasu tsaunuka a yankin Worcestershire na Ingila, akwai masana'antar da ke fitar da motar da idan ka hango ta a titi ba za ka iya rantsewa ta bana ce ko ta shekara hamsin baya ba. Sunan kamfanin Morgan. Dogon bonet mai tsage-tsagen shan iska, madigadi masu lanƙwasa, kujera biyu, rufin tamfol da ake naɗewa baya. Mai neman Toyota yana duban siffa ya gane shekara. Mai neman Morgan kuwa ido ba ya taimakonsa, dole ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ni dai na daɗe ina bin labarin motocin nan, kuma ina da ɓangaren da na fi karkata, amma zancen ba zai fito ba sai an koma farko.

Wanda ya kafa kamfanin, H.F.S. Morgan, ɗan wani limamin coci ne, an haife shi a 1881. Ya koyi aikin injiniya a kamfanin jirgin ƙasa na Great Western, sannan ya buɗe gareji a Malvern Link. A 1909 ya haɗa wa kansa wata 'yar mota mai taya uku, biyu gaba ɗaya baya, da injin Peugeot irin na babur. Shekara ta zagayo ya kai ta baje-kolin Olympia a Landan, jama'a suka yaba, amma masu saye ba su yi yawa ba saboda mutum ɗaya take ɗauka. Da ya ƙara kujera ta biyu sai kasuwa ta buɗe, har babban kantin nan na Harrods ya sa ta a tagarsa. Sirrin taya ukun haraji ne: a dokar Ingila ta wancan lokacin mota mai taya uku a sahun babur take, kuɗin lasisinta kaɗan ne, don haka mai ƙaramin ƙarfi ya samu abin hawa. A 1914 aka fara aiki a rumfunan titin Pickersleigh, kuma har yau a nan ake.

Ranar taya uku ta fara faɗuwa lokacin da Austin Seven da ƙananan motocin Ford masu araha suka cika gari. Wa zai zauna ruwa na dukansa a kan taya uku, ga mai huɗu da rufi kusan kuɗi ɗaya? Sai Morgan ya fitar da 4/4 a 1936, wato taya huɗu, fulogi huɗu. In ka cire lokacin yaƙi da wani ɗan tsaiko a farkon shekarun 1950, an yi ta ƙera ta fiye da shekara tamanin. Plus 4, yayarta a ƙarfi, ta zo a 1950. Wajen 1954 aka lanƙwasa mata gaban lagireto, kuma daga nan fuskar Morgan ta tsaya cak.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa casis ɗin Morgan na katako ne. Ba haka ba ne. Wanda ya san gingimarin nan mai bodin katako da kafintoci ke ɗorawa a kan casis na ƙarfe ya riga ya fahimci tsarin. Ƙasa ƙarfe ne (a sababbin kuma alminiyon), a kansa ake kafa ƙwarangwal na itacen da Turawa ke kira ash, mai sauƙin nauyi da jure lanƙwasa, sannan a lulluɓe shi da falle-fallen ƙarfe ko alminiyon. A ɗakin kafintocin, bakan da ke rufe tayar baya ana yin sa ne da siraran yankan katako, a shafa musu gam, a jera su, a matse cikin wani tsohon maƙalin itace da ya yi gomman shekaru yana wannan aiki, a bar su su bushe a lanƙwashe. Tsagogin bonet kuma mutum ne ke tsaye gaban matsi yana huda su ɗaya bayan ɗaya, yana auna tazara da ido da hannu. Masana'antar a kan gangare take, motar kan gangara daga rumfa zuwa rumfa tana ƙara kamala.

Shi kansa kamfanin ya taɓa gwada zamani, ya ƙone hannu. Peter Morgan, wanda ya gaji mahaifinsa bayan rasuwarsa a 1959, ya ji tsoron kada a bar su a baya, sai ya fitar da Plus 4 Plus a 1963, mai rufaffen kai da bodin faiba. Guda 26 kacal aka yi. Abin mamaki, shekara guda kafin nan, tsohuwar siffar da ake ganin ta gaji ta je gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, Chris Lawrence da Richard Shepherd-Barron suna tuƙi, ta zo ta ɗaya a ajin injin lita biyu. Daga nan 'yan Malvern suka riƙe darasinsu: a bar fuska yadda take, a canza abin da ke ciki. Haka Plus 8 ta zo a 1968, aka cusa injin Rover mai fulogi takwas, lita 3.5, cikin wannan siririn jiki.

Wannan batu na inji shi ne ya sa ba na yarda da masu cewa sabuwar Morgan ta rasa asali don injinta na BMW ne. Yaushe Morgan ta taɓa dogara da injin kanta? Tun daga JAP da Matchless na zamanin taya uku, zuwa Coventry Climax, Standard, Triumph, Ford, Fiat da Rover, kullum aro take yi. In mai inji ya daina ƙerawa, sai a je wani gida. Wannan aron ne ya raya ta lokacin da manyanta suka mutu: an rufe masana'antar MG ta Abingdon a 1980, motocin TR na Triumph suka bi bayanta a 1981.

A 1990 tashar BBC ta kai musu Sir John Harvey-Jones, tsohon shugaban kamfanin ICI, cikin shirinsa na gyara kamfanoni. Ya tarar ba su wuce mota goma a mako ba, masu saye kuma suna jiran shekaru a layi. Ya ce su ƙara yawan aiki, su ƙara farashi, su kawo injunan zamani, in ba haka ba za su rushe. Peter Morgan ya saurare shi da ladabi ya ƙi. Masu kallo suka goyi bayan Morgan, layin jira ya ƙara tsawo. Ana son ba da labarin nan kamar Baturen ya sha ƙasa gaba ɗaya, amma in an yi adalci, abubuwa da dama da ya faɗa sun yi su daga baya a hankali, ba tare da sun yi shela ba. A 2000 Charles Morgan, jikan H.F.S., ya kawo Aero 8 mai casis na alminiyon da injin BMW. A 2019 kamfanin zuba jari na Investindustrial, mai tushe a Italiya, ya sayi kaso mafi girma daga hannun iyalin.

To, ga inda layin ya ratsa. A 2019 aka fitar da Plus Six, a 2020 aka fitar da Plus Four, dukansu a kan sabon casis na alminiyon da ake haɗawa da gam da ƙusa, wanda nauyinsa bai kai kilo 100 ba. A 2020 ɗin ne kuma aka yi casis na ƙarfe na ƙarshe, bayan shekara 84. Tare da shi aka binne tsarin tayar gaba da H.F.S. ya zana tun motarsa ta farko, inda kowace taya ke hawa da sauka a kan wani sandan ƙarfe da sifirin ya naɗe. Katakon ash yana nan a cikin sabuwar, fuskar ma tana nan. Saboda haka Morgan ta 2015 ta fi kusa da ta 1965 a kan kusancinta da ta 2021.

Tsohuwar tana da hali. Tayar gaban nan tana da tauri, har masu ita kan yi barkwanci cewa in ka taka kwabo za ka gane wace fuska ce a sama. Sandunan suna son giris a kai a kai, a wasu tsofaffin ma akwai wani maɓalli da direba ke takawa da ƙafa ya tura musu man inji. In ruwan sama ya sauko, kafin ka gama ɗaura tamfol da tagogin gefe ka jiƙe. Sabuwar Plus Four kuwa injinta lita biyu ne mai turbo, ƙarfin doki 255, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa biyar ko kusa da haka, ana samunta da giyar hannu ko mai canza kanta, sitiyarinta da sauƙi, ana iya sa mata na'urar sanyaya iska. Za ka yi doguwar tafiya ka sauka bayanka lafiya. Sai dai ran da fitila ta kama a dashbod, sifana ba ta da abin cewa, sai an kawo kwamfuta. In kuma aka yi karo casis ya lanƙwashe, ba aikin mai walda na bakin titi ba ne.

Da ni ke zaɓe, 4/4 mai injin Ford zan ɗauka, wadda aka yi bayan 1986. A shekarar ne kamfanin ya fara tsoma katakon cikin maganin hana ruɓewa, ya kuma fara fentin madigadi daban kafin a ɗaura, yadda ruwa ba zai samu tsirarar ƙarfe a mahaɗa ba. Ba ta da gudun Plus 8, amma kayan gyaran Ford ba sa wuya, kuma duk makanikin da ya san aikinsa zai gane abin da ke gabansa in ya ɗaga bonet. Mai ciwon baya, ko wanda zai hau ta kullum zuwa wurin aiki, ba na ba shi wannan shawara, ya nemi sabuwar in aljihunsa zai ɗauka.

Kafin a biya kuɗin tsohuwar, a buɗe ƙofa a ɗan ɗaga ta sama. In ta yi wasa, ginshiƙin katakon da ke riƙe da ita ya fara ci. A ɗaga shimfiɗa a danna katakon dokin ƙofa da babban yatsa, don nan ruwa ke kwanciya. A shiga ƙasa da tocila a bi casis, musamman kusa da inda inji ke zaune da wajen tayoyin baya, a nemi tsatsa da tsagewa. Sannan a ɗaga gaban motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a ji ko mai ita yana tunawa da giris.