TARIHIN CIKIN YAMAI: DAGA BURODIN NASARA ZUWA DAMBUN BAKIN TITI

Duk wanda ya taɓa sauka tasha a Yamai da ɗan guzirin da bai taka kara ya karya ba, ya san tambayar farko: ina zan ci in ƙoshi ba tare da aljihu ya yi kuka ba? To amsar tana da tarihi.

A 1926 Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi Yamai. Lokacin garin ƙarami ne a bakin kogin Isa. Ma'aikata da sojoji da ƴan ƙwadago suka taru, galibinsu ba iyali, ba mai dafa musu. Nan sana'ar tuwon saida ta samu gindin zama. Su kuma Nasara suka zo da dogon burodinsu, bagat. Da farko abincin manya ne, daga baya mai shayi ya sauko da shi kan teburinsa, ya haɗa da ƙwai da madara, ya zama karin kumallon ɗan lekol da mai gadi.

Kowane baƙo da tukunyarsa ya zo. Zabarmawa, masu gari, suna da kopto, wato kwaɗon zogale. Hausawan Maraɗi da Tawa da Damagaram suka riƙe tukubar tsire da balangu da kilishi. Matan Togo da Benin suka buɗe ƴan rumfunan shinkafa da miya da teba, ƴan Senegal suka kawo dafa-dukar kifi, aceke ya biyo hanyar Abijan. Fari ma ya ƙara wa garin baki: unguwar Lazare ta samo asali daga sansanin waɗanda yunwar 1973 da 1974 ta koro. Mace nawa ta fara da kaskon ƙosai ɗaya a irin waɗannan unguwanni, ta ciyar da gida, ta sa yara lekol?

Amma fa burodi yana da rauni guda: alkamar da muke nomawa a Ƙonni da tsaunukan Ayar ba ta kai ko'ina ba, fulawa daga waje take zuwa. Shi ya sa duk girgizar duniya a gidan burodi ake fara jin ta. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. A farkon 2005 aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 kan fulawa da madara da suga, jama'a suka fito, aka rufe kasuwanni, su Nuhu Arzika suka sha kamu, sai da gwamnati ta sassauta. Yaƙin Ukraine a 2022 ya sake tada farashi, takunkumin CEDEAO na 2023 ya toshe hanyar Kotonu, ga ɗaukewar wuta. Mai gidan burodi in bai ƙara kuɗi ba, sai ka ga bagat ya rame a hannunka.

Dambu kuwa da fura da tuwon hatsi, gonarsu tana nan gida. Su ma suna tsada in damina ta ƙi, amma ba sa jiran jirgin ruwa.

To baƙo, ga shawara. Da asuba nemi gidan burodin unguwa, ka saya da zafinsa. Da rana leƙa kewayen Katako ko Wadata ko Babbar Kasuwa, inda ƴan dako da direbobi ke cin shinkafa da wake. Da almuru bi hayaƙin tukuba a Zongo ko Bukoki. Inda ka ga ƴan taksi sun yi layi, zauna: abincin ba ya kwana, kuma farashin na talaka ne. Ka dai duba tsabtar ruwa da kwano.

Gobarar Ƙaramar Kasuwa a 2012 ta nuna mana yadda waɗannan wurare ke ɓacewa dare ɗaya, tare da jarin masu su. Duk sanda ake tashin rumfuna don gyaran titi, a tuna da wanda ke ci a wurin, a tanadar musu wani matsuguni.

Ku fa, a wace unguwa kuka ci abincin da har yau ba ku manta ba? Allah ya sa albarka a nema, amin.