Daga Gidajen Jakande Zuwa Rusau na Maroko

'Yan'uwa mazauna Ikko, a 1979 Alhaji Lateef Jakande ya zama gwamnan Jihar Legas. Kafin soja su karɓe mulki a ƙarshen 1983, ya gina wa talakawa dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin, Iponri, Isolo da Abesan.

Amma a watan Yulin 1990, ana tsakiyar damina, gwamnatin Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni. Wasu masu gida da suka nuna takarda aka ba wuri a Ilasan da Ikota, 'yan haya kuwa ko oho.

To jama'a, duk mai fili ko gida a nan ya nemi takardarsa tun kafin katafila ta iso. Allah Ya kiyashe mu, amin.