Dara-daran Idanun da Ba Ado Ba Ne

Mu marubuta muna son dara-daran idanu, da wuya labarinmu ya rasa su. Amma idan idon jariri ne yake ta girma, yana yawan hawaye, yana gudun haske, yana iya zama hawan jinin ido ne. Ruwan cikin ido ya rasa mafita, ya kumbura ƙwayar, sannu a hankali ya kashe jijiyar gani.

An daɗe ana ganin ciwon daga waje kawai. Sai a 1851 Helmholtz, Bajamushe, ya fito da madubin leƙa cikin ido. A 1938 Otto Barkan, likita a Amurka, ya bayyana tiyatar tsaga magudanar ruwan ta ciki, wadda ta ceci ganin yara da dama. Sai dai tana da sharaɗi: dole likita ya ga inda yake yanka. Idan fuskar idon ta yi hazo, aiki ya tsaya, shi ya sa a 1960 aka samo hanyar shiga ta waje.

To wacce za a yi wa wane yaro? Nan hoto ya shigo. Wajen 1990, a Toronto, Pavlin da Foster suka ɗauki hoton magudanar da sauti, ko da hazo. A 1991 kuma na'urar OCT ta fito daga MIT, tana auna kaurin jijiyar da haske.

Abin da ke damunmu: ma'aunin da ke cikin yawancin na'urorin OCT daga idanun manya aka tattara shi. Jijiyar yaro ɗan shekara biyar da ta baligi ake kwatanta ta.